Birkin inji na tirelar Alhaji: littafin aikin garejinmu a Damagaram

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau da hantsi aka shigo mana da kan tirelar Alhaji, Volvo FH12 mai inji D12, wadda ke kai wake da riɗi Dawanau ta Kano, wani lokaci ta zarce kudu. Tun kafin direban ya sauko na ga fuskarsa babu walwala. Ya ce makon jiya yana saukowa Hawan Kibo, tsakanin Jos da Akwanga, da cikakken lodi, ya ja sandar birkin inji har ƙarshe amma motar ba ta ko gezau ba. Dole ya yi ta taka birkin ƙafa har tamburan baya suka fara hayaƙi. "Wallahi Maigida," in ji shi, "kalmar shahada nake ta yi har muka kai ƙasa."

Na ɗauki alƙalami a kan wannan aiki ne don abin da na daɗe ina gani yana damuna. In birkin inji ya mutu, sau da yawa sai a cire masa waya a manta da shi, a ce ai Damagaram ba ta da tsauni. Gaskiya ne ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan duwatsun da ke kewaye da Birni. Amma motocinmu ba a nan suke kwana ba. Wasu na bin Hawan Kibo, wasu kuma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 sun koma hanyar Lome, inda tsaunukan arewacin Togo ke jiran su. Ko a nan gida, tankokin da ke ɗauko mai daga matatar Soraz a hanyar Tanut suna buƙatarsa wajen shiga gari, ko in garken shanu ya ɓullo a kan kwalta.

Na tara yarana uku na ba su famfon keke. Na ce ɗaya ya toshe bakin da babban yatsa ya danna. Ya danna, ya saki, hannun famfon ya dawo da kansa. Haka injin gazuwal, wato dizal, yake in an ɗaga ƙafa daga totur: fistan na matse iska, iskar kuma ta mayar masa da ƙarfin da ya kashe, ba a yi asarar komai ba, mota na ta gudu. Sai na ce ya sake dannawa, amma in ya kai ƙarshe ya ɗaga yatsa. Iska ta fita fus, hannun bai dawo ba. Birkin kenan gaba ɗayansa. Ana buɗe sufaf ɗin hayaƙi, wanda mutanen Kano ke kira bawul, daidai lokacin da fistan ya kusa ƙurewa sama, iskar da aka sha wahalar matsewa ta tsere ta salansa, inji ya koma mai cin ƙarfin mota maimakon ba ta. Abin da ke buɗe sufaf ɗin a wannan ƙiftawar ido kuwa, baƙin man inji ne.

Laraba, 8 ga Janairu

Mun fara da abin da ba ya buƙatar kwance inji. Fis lafiya, sandar da ke jikin sitiyari na aika saƙo, makunnin kuloci ma na aiki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don in kwamfutar mota ta ɗauka an taka kuloci ba za ta bar birkin ya kama ba.

A bayan turbo akwai murfin da ke toshe hanyar hayaƙi, iska ce ke tura shi, da matsin da ya kai bar 7.5 lokacin birki. Mun same shi ya kafe da baƙin toka, rabin tafiyarsa kawai yake yi. Mun kwance, mun kankare, yanzu yana rufewa da ƙara, ɗas. Direba ya yi murna yana cewa an gama. Na ce masa tukuna, wannan ƙaramin rabo ne, babban yana ƙarƙashin murfin kan inji.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun buɗe murfin. Silinda shida, kowace da kulbita uku, wato hannayen ƙarfe masu lilo da ke danna sufaf da anjakta: ta shigar iska, ta anjakta mai fesa gazuwal a tsakiya, sai ta hayaƙi wadda ta fi sauran kauri. Cikin wannan mai kaurin ne dabarar take.

A jikin arbarakam, wato sandar mai tozaye da ke juyawa tana tura kulbitoci, bayan babban tozon da ke buɗe sufaf ɗin hayaƙi, akwai wasu ƙananan tozaye biyu, ba su kai kaurin farce biyu ba, milimita 0.8 ne tsayinsu. In ba ka shafa da yatsa ba sai ka ce lahani ne a ƙarfen. Na farko yana ɗan buɗe sufaf a farkon matsi, hayaƙin da murfin nan na bayan turbo ya tare ya koma cikin silinda ya ƙara mata kaya. Na biyu shi ne ke sakin iskar a ƙarshen matsi. Yayin tafiya ta yau da kullum kulbita ba ta jin waɗannan tozaye, saboda an bar mata tazara mai faɗi, milimita 1.6, tsakaninta da gadar sufaf. In aka kunna birki, mai ya cika wani ɗan fistan da ke bakin kulbitar, ya sauko ya cinye tazarar, sai ta fara bin kowane tudu.

Ina cikin duba silinda ta huɗu na ji ƙarar kile, wato sifana, a bayana. Babban yarona ya girgiza kulbitar hayaƙi ta ɗaya, ya ji tana ƙwas-ƙwas, har ya fara neman yadda zai matse ta. Na riƙe hannunsa. Ya ce, "Maigida, ai ta yi sako-sako, a Marsandi ba ma barin haka." Na miƙa masa kal, siririn ƙarfen awon tazara, mai 1.6 na ce ya zura. Ya zura, ta shiga da ɗan ja kamar wuƙa a kube. Ya yi shiru yana kallo. Na ce masa in ya rage wannan tazara, sufaf zai riƙa buɗewa lokacin da wuta ke ci a silinda, ba zai daɗe ba bakinsa ya ƙone. Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da ban ga irin injin ba a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, da haka zan yi.

Kuma ashe wani ya riga shi. A silinda ta biyar tazarar ba ta fi 1.1 ba, an sa ɗan faifan da ba nata ba. Biyu kuma sun wuce 1.9 saboda ci. Na rubuta duka shida da alli a jikin bango.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ranar kasuwar Dole ce, gari ya cika, sai bayan azahar muka samu natsuwa. A wajen masu tsofaffin kaya na samo manomita, agogon awon matsi, mai kai bar 10 da tiyo mai jure zafi, tokala, mai sassaƙa ƙarfe da inji, ya yi mini ɗan haɗi na tagulla, muka ɗaura a hanyar man da ke shiga sandar kulbita.

Ga yadda ya kamata. Akwai bawul a kan kilas, wato kan inji, ƙarƙashin murfi, wanda duk man da ke zuwa sandar kulbita sai ya bi ta cikinsa. In birki na kashe, yana rage matsin zuwa wajen bar 1, wanda ya isa shafe ƙarfe da ƙarfe kawai. In lantarki ya taɓa shi sai ya buɗe hanya, matsin ya haura bar 2, kulbitoci su kulle. Dukan aikin a tsakanin ɗaya da biyun nan yake.

Allurarmu ta tsaya a ɗaya lafiya lau. Da muka ba bawul ɗin wuta, ta hau zuwa 1.6 tana rawa, ta ƙi wucewa. Na haska tocila na ga mai na tsartuwa ta gefen ɗan bututun da ke haɗa bawul da sandar. Zoben robar ya bushe, ya yi tauri kamar ƙashi, da na cire shi ya karye biyu a tafin hannuna. Abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba shi ya kusa kai mutum biyu lahira a Hawan Kibo. Na daɗe ina juya gutsattsarin a hannuna.

Talata, 21 ga Janairu

Sabon zobe ya ɗaga allura zuwa 2.1 da sanyi, amma da inji ya yi zafi ta koma ƙasa da biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Na zaro sandar awon mai, na ga ya wuce alamar sama da kusan yatsa biyu. Na ɗiga a takarda, ya bazu da sauri ya yi da'ira mai haske a gefe. Na sunsuna: gazuwal.

Yaron mota ya ce shi kam yana murna ne motarsu ba ta shan mai, har ƙaruwa yake. Na zaunar da shi na yi masa bayani. A wannan inji hanyar gazuwal ta ratsa cikin kilas ne, zoben roba ke raba ta da mai a jikin kowace anjakta. In zoben ya gaji, gazuwal na sulalewa cikin kwano. Ɓarnar biyu ce. Mai ya tsinke, yana zurarewa ta kowace kafa ya kasa riƙe matsi. Sannan in ya yi yawa bilbirkan, babbar sandar da fistan ke juyawa, na kaɗa shi kamar yadda ake kaɗa nono, ya yi kumfa. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake iya zama kamar sandar ƙarfe a cikin kulbita. Kumfa kuwa iska ce, tana matsuwa, sai ɗan fistan ya nutse maimakon ya tura sufaf.

Da la'asar Alhaji ya zo da kansa. Muka gaisa, na ba shi kujera a inuwar dogon yaro. Ya ce, "Malam, mako biyu kenan mota ba ta kawo ko dala ba." Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma zo ka gani." Na nuna masa takardar, na sa ya sunsuna. Na ce wannan man ba birki kaɗai zai kashe ba, kusine zai ci, wato 'yan ƙarafan da bilbirkan ke juyawa a kansu, in ya ci kuma inji ne gaba ɗaya. Ya yi shiru, ya ja carbi, ya tambayi abin da za a saya. Na lissafa: zoben anjakta shida, filtar mai uku, biyu manya da ɗaya ta gefe, mai 15W-40 na gaske sama da lita 30, da 'yan faifan daidaita tazara. Ya ce a sayo, amma kada in kai shi azumi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ƙanena ya dawo daga Kano ta Matamaye da kayan. Ya kuma zo mini da tsarabar da ta fi komai faranta mini rai: a Ƙofar Ruwa ya tsinci tsohon gidan birkin Jacobs da aka cire daga injin Cummins, an jefar cikin tarin ƙarafa. Ya san na daɗe ina nema don koya wa yara. Yau babu aiki, na wuni a kansa da kananzir da buroshi.

Wannan shi ne kakan duka. Clessie Cummins, wanda kamfanin injin ke ɗauke da sunansa, a 1931 yana tuƙa babbar mota daga New York zuwa Los Angeles, a gangaren Cajon na Kalifoniya birkinsa ya yi zafi ya daina kamawa, da ƙyar ya tsallake jirgin ƙasa da ke ratsa hanya. Abin bai bar zuciyarsa ba har ya tsufa. Bayan ya bar kamfanin ya ƙera wannan dabara, kamfanin Jacobs na jihar Connecticut, masu yin bakin injin huda ƙarfe, suka fara sayar da ita a 1961. A 2022 Cummins ya sayi sashen birkin na Jacobs. Da na ba direbanmu labarin sai ya ce, "Ashe shi ma ya ga abin da na gani."

Na shimfiɗa kayan cikinsa a kan buhu. Gida ne na ƙarfe mai nauyi da ake ɗorawa bisa kulbitoci, ɗaya na kula da silinda biyu, shi ya sa direba ke iya zaɓar biyu, huɗu ko shida. Bawul ɗin lantarki na shigo da mai. Mai ya ɗaga wani bawul mai ɗan ƙwallo a ciki, ya cika rami. A bakin ramin akwai fistan na farko, wanda kulbitar anjakta ke turawa sama, don ita ce ke motsi daidai ƙarshen matsi. Ƙwallon ya rufe hanyar komawa, man da aka tsare ya bi ramin ya danna fistan na biyu, shi kuma ya danna gadar sufaf ɗin hayaƙi. Aron motsi ne: an ari na anjakta an kai wa sufaf, mai ne ɗan aike.

Na zura waya cikin ramin da ke tsakanin fistan biyun, ta shige fiye da tsawon tafin hannuna, da kwana a hanya. A nan na fahimci inda masu ƙira suka yi ta fama shekara da shekaru. Duk tsawon rami, yawan man da ke ciki ne, da yawan kumfar da za ta iya laɓewa, da jinkirin cika. Gyare-gyaren da suka biyo baya kusan duk a kan wannan suke. An yi dunƙulen daidaitawa mai ɗan tsinke da rasor, wato sifirin, a ciki, wanda ke rage tazara da kansa in birki ya kama, don sufaf ya buɗe a kan kari. An yi wanda ke zubar da man da zarar fistan na biyu ya kai iyakarsa, sufaf ya koma mazauninsa kafin babban tozo ya iso, kada ya yi karo da kan fistan. An ƙara ɗan rumbun mai mai rasor kusa da wurin, don ramin ya sake cika nan take ba sai an jira famfo ba.

Daga baya aka ce me ya sa za a yi ta aron motsin anjakta, wanda ba don birki aka yanka shi ba? Sai aka ba birki tozonsa a jikin arbarakam, aka kuma kwashe fistan da ƙwallon aka cusa cikin kulbita. Irin wanda ke gabanmu kenan, wanda Volvo ta fito da shi tare da FH12 a 1993. Hanyar man da aka tsare ta koma 'yar gajeruwa, ba ta kai gaɓar yatsa ba. A injin Volvo D13 mai birkin da suke kira VEB+ sun ƙara gaba, suka ware wa birki kulbitarsa ta huɗu da tozonta, don ta ɗauki nauyin ita kaɗai, ƙarfin riƙonsa ya kai kilowat 375 a juyi 2,300, doki ɗari biyar da ɗoriya kenan. Sababbin na Jacobs ma har sakin iska suke a kowane juyin bilbirkan maimakon kowane juyi biyu, don birki ya yi ƙarfi ko inji bai yi ihu ba.

MAN da Howo da ke cika hanyoyinmu wata hanya suka bi. Murfin salansa na tara hayaƙi har sufaf ya ɗan ɗaga da kansa, sai wani ɗan fistan mai aiki da mai a cikin gadar ya tare shi ya hana shi rufewa. Tsofaffin Marsandi kuwa ƙaramin sufaf na daban suka ƙara a kan kowace silinda. A ganina na cikin kulbita ya fi su riƙo, amma ya fi su son mai mai tsabta, don kafofinsa ƙanana ne ƙwarai. Mu kuma ƙura ce abincinmu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun sauke sandar kulbita, mun jera shida na hayaƙi bisa farin ƙyalle, kowace da lambarta. Na hana kowa taɓawa da hannu mai yashi, na sa aka yayyafa ruwa a ƙasa duk da tsadarsa a garin nan.

Cikin kowace akwai ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar barkono, da wani tsinke mai rasor da ke ture shi daga mazauninsa muddin matsi bai wuce bar 1 ba, mai na shiga yana fita yadda ya so. In matsi ya haura biyu, tsinken ya ja baya, ƙwallon ya zauna, mai ya shiga ba fita. A cikin ɗan fistan kuma akwai wani bawul na kariya da ke zubar da mai in nauyi ya yi yawa, don kada wani abu ya karye.

A ta uku tsinken ya manne da wani baƙin danƙo kamar kwalta. Sai da ya kwana a kananzir ya motsa. A ta shida na ga abin da ya fi ba ni tsoro: da na ɗaga mazaunin ƙwallon ga rana, akwai ɗan zane siriri kamar gashi, inda ƙwayar yashi ta bi. Na cika ta da mai, na matsa a bais, fistan ya riƙa nutsewa sannu a hankali, mai na fitowa ta baya. Sauran biyar suka tsaya cak kamar dutse. Ta shida ba ta gyaruwa, mun sa a nemo wata a Maraɗi.

Yashin nan ta ina ya shiga? Na bi hanyar iska na samu tiyon da ke bayan filtar iska ya tsage ta ƙasa, an naɗe shi da robar tayar keke. Mun canza.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Hazo ya rufe gari tun asuba, ko hasumiyar masallaci ba a gani. Ban yarda a buɗe inji a irin wannan rana ba. Mun lulluɓe shi da tamfal, yara suka wanke tamburan baya. Biyu sun yi shuɗi da tsatsagewa saboda zafin ranar nan, su ma sai an sauya.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kulbitar Maraɗi ta iso ranar Juma'a, na gwada ta a bais ta riƙe. Shekaranjiya da jiya muka mayar da anjaktoci da sababbin zobe, muka ɗaura sanda, muka daidaita tazara da inji mai sanyi, muna bin lambobin da ke jikin arbarakam, 1-5-3-6-2-4. Babban yarona ne ya yi shidan da hannunsa, ni ina bi da kal a baya. Ba wadda na sake. Sabon mai daidai alama, ba ƙari ko cokali.

Manomitar nan ban cire ta ba. Na shawarci Alhaji ya bar mu mu ja tiyonta mu kafa ta a gefen sitiyari, don direba ya riƙa ganin lafiyar birkinsa kafin ya hau gangare, ba sai yana tsakiyarsa ba. Ya yarda. Wannan ne ƙarin da muka yi na kanmu, kuma ina jin ya fi duk sauran amfani.

Da sassafe muka fita gwaji hanyar Mirya da kai kaɗai, sanyi na busawa. Direba ya ja sanda, murfin salansa ya rufe, amma allura ba ta motsa daga ɗaya ba. Ya kalle ni, na ga gwiwarsa ta yi sanyi. Na ce ya ci gaba da tafiya. Kwamfuta ba ta sakin birkin sai inji ya ɗumama, don mai mai sanyi yana da kauri, yana jinkirin shiga, yana kuma jinkirin fita, kulbita na iya zama a kulle bayan an taka totur. Mun kusa shiga Mirya ya sake ja. Allura ta yi tsalle ta wuce uku, inji ya canza murya ya yi wani gurnani mai zurfi, ƙirjinmu ya yi gaba. Yaron mota da ke bayanmu ya yi kabbara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Gwaji da lodin wake, hanyar Takeita. Abin da na lura da shi ya fi shafar direba fiye da inji. Ya saba tafiya da babbar giya, juyi na ƙasa-ƙasa don tsimin gazuwal, a haka kuma yake jan birkin. A juyi 1,200 riƙon kaɗan ne, in ya faɗi wajen 1,000 ma sakin kansa yake. Na nuna masa shuɗin yanki da ke jikin agogon juyi, na ce ba ado ba ne, gidan birkin inji kenan. Ya rage giya biyu, allura ta hau wajen 2,000, motar ta riƙe kanta ba tare da ya taɓa birkin ƙafa ba. Ya ce yana jin tsoron ƙarar ne, kada inji ya fashe. Na ce a lokacin nan ko ɗigon gazuwal ba ya shiga, iska kawai yake niƙa, abin kiyayewa shi ne kada ya bari ta shiga ja.

Na kuma gargaɗe shi da abu ɗaya: tayoyin da inji ke juyawa kaɗai wannan birki ke riƙewa. In tirela ba kaya, ko an yi ruwa, ko yashi ya hau kwalta kamar yadda yake yi a hanyar Tanut, ya sassauta shi, kada bodi ya turo kai ya naɗe.

Da muka tsaya na ɗora hannu kusa da tamburan baya. Ɗumi kawai.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Motar ta tafi ranar Asabar. Jiya da dare direba ya kira daga Akwanga, ya ce ya sauko Hawan Kibo da giya ta ƙasa, sau uku kawai ya taɓa birkin ƙafa. Amma ya ce wajen ƙarshen gangaren, da mai ya yi zafi sosai, allurar da ke kai uku da rabi da safe ta sauko kusa da biyu da rabi. Ya iya karanta ta, wannan ya yi mini daɗi. Lambar kuwa ba ta kwanta mini ba. Yanzu sanyi ne. In bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, ragowar da ke tsakaninmu da bar 2 za ta ƙara tsukewa.

Zargina na kan wurare biyu. Lokacin da muka sauke sandar kulbita na ji ɗan kwari da farce a ƙarƙashinta inda ta biyu da ta biyar ke zama, mai na iya tserewa ta nan. Sannan ban buɗe na'urar sanyaya mai ba, mai yiwuwa ta toshe da gishirin ruwan rijiya da ake zuba wa lagireto. Na gaya wa Alhaji bayan masallaci. Ya ce in ta dawo a ba ni ita kwana uku, ba ƙari, don kayan azumi na jira.

Na sa tokala ya aro mini mikromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, don auna sandar. Na kuma ce wa direba ya ɗebo mini man kwano cikin kwalba mai tsabta da zarar ya iso, tun yana da zafi, in sake ɗiga shi a takarda in ga ko gazuwal ya daina shiga. Gidan Jacobs kuma yara sun fara yi masa ƙafa da ƙarfen kwana, za mu haɗa masa famfon hannu su riƙa ganin fistan na biyu na sauka da idonsu. Ana sa ran ganin wata yau ko gobe, aikin zai koma na safe da na bayan isha'i.